Mai Ɗiban Ruwa

Ku da kuke rubuto mini cewa zuciyata dutse ce, na gani, kuma ba zan yi musu da ku ba. Ni abin da ya faru nake faɗa, yadda ya faru. Wanda ya ga darasi a ciki ya ɗauka, wanda ya zo neman hawaye ya nufi wani shafin.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Pang Suet-ying, a gida Ah Suet ake ce mini. Shekarata talatin da biyu. Ina aiki a shagon tabarau a unguwar Mong Kok, ina zaune da iyayena a hawa na ashirin da uku, cikin gidajen gwamnati na Wong Tai Sin. Ɗaki biyu ne da falo, falon da in an buɗe teburin cin abinci sai mutum ya karkace kafin ya wuce banɗaki. Akwai mai nemana da aure, Szeto Kin-lok, wata goma sha ɗaya ke nan. Iyayensa da nawa sun riga sun sa ranar Lahadin ƙarshen wata, za a haɗu a gidan shayi a tsayar da magana. Kowa ya yarda. Ni kaɗai ce ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kada ku tambaye ni laifin Lok, don ban samo masa ko ɗaya ba. Farar riga mai dogon hannu, guga kamar takarda. Ba ya sha, ba ya ɗaga murya. In zai kai ni cin abinci gida biyu yake kama mana wuri, sai ya ga yadda cunkoson hanya yake sannan ya soke ɗaya. Kullum ƙarfe bakwai da minti arba'in saƙonsa yake shigowa.

"Kin tashi? Za a iya yin ruwa da yamma, sittin cikin ɗari. Ɗauki lema."

Ni kuma in rubuta, "To."

Mama takan ce, "Miji irin wannan, ko a haikali kika roƙa sai kin haɗa da turare mai tsada. Me kike jira, ya fito da fukafukai?"

Ba abin da nake jira. Ina duba ƙirjina ne kamar yadda ake duba aljihun rigar da za a wanke, ba na samun komai, sai in mayar da hannuna.

Aikin Lok shi ne abin da ya sa Baba ya so shi tun kafin ya ga fuskarsa. A wani kamfanin cacar ƙwallo yake, cikin masu tsara alkaluman da ake liƙawa a allo. Dokar aikinsa ta hana shi sa ko dala ɗaya. Baba kuwa ƙaramar bas ya tuƙa har ya ajiye aiki, kuma shekara talatin yana caca, doki da farko, ƙwallo daga baya. Zan yi masa adalci: bai taɓa ɗaukar wani abu na gida ya sayar ba. Bai kuma taɓa shigo da wani abu ba. Firjinmu ya girme ƙanwar Lok. Ni tun ina aji uku na daina murna in ya ci, na daina tsoro in ya faɗi, don na lura washegari duk ɗaya ne. Wataƙila a nan abin ya fara mutuwa a jikina. Ban sani ba, ni ba likita ba ce.

Ranar Laraba Lok ya zo cin abinci. Ya shigo da lemo takwas a leda da rabin gasasshiyar dinya. Mama ta turara kifi da citta, ta yi miyar kabewa da ta kwana a wuta. Na sa baƙin wando na aiki da riga ruwan toka, Mama ta harare ni ta ce ko gaisuwar mutuwa za ni.

Baba ya ciro naman kumatun kifin, wanda ni ake ba tun ina yarinya, ya ɗora a kan shinkafar Lok.

"Ci, Ah Lok. Ka rame. To, me kake gani a wasan Asabar ɗin nan na Japan? Masu jar riga ko masu fara?"

"Tsoho, bar yaro ya haɗiye loma," in ji Mama.

"Tsohuwa, maganar maza ake."

Lok ya ajiye sandunan cin abincinsa a jere, kai da kai.

"Baffa, ban san wanda zai ci ba. Babu wanda ya sani a ofishinmu. Mu aikinmu ruwa ne."

Kowa a garin nan ya san ɗiban ruwa, wato ɗan kason da mai shirya caca yake cire wa kansa. Ko a teburin cacar majong na maƙwabta, duk wadda ta ci sai ta jefa wani abu a gwangwanin mai gida. Amma Baba ya yi kamar yau ya fara jin kalmar.

"Bari in nuna maka," Lok ya ce. "Baffa, kawo dala ɗari. Gwaggo, ke ma."

"Ni ba na caca."

"Aro ne, minti ɗaya."

Ta zaro daga aljihun rigar girkinta tana gunaguni. Baba ya bayar da tasa duk 'yan goma-goma. Lok ya kife kofin shayi biyu, ya ɗora kuɗin kowa a kan nasa.

"Wannan ja, wannan fari. In ja ya fi ƙarfi, sai mu ba fari rabin ƙwallo tun kafin a busa, don kada a tashi canjaras, kuma mutane su rabu biyu. Baffa yana bayan ja, Gwaggo tana bayan fari. Nawa ne a tebur?"

"Ɗari biyu. Ka ɗauke ni ɗan aji ɗaya ne?"

"Da tsakaninku ne ku biyu, wanda ya ci ya kwashe ɗari biyu. Amma mu a allo casa'in muke rubutawa. Ka ci, a mayar maka da ɗarinka, a ƙara maka casa'in."

Ya ƙirga ɗari da casa'in ya tura gaban Baba. Goman da ta rage ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa.

"Ja ya ci, goman nan tana wajena." Ya janye kuɗin ya tura gaban Mama. "Fari ya ci, tana wajena. Ba ta cikin wasan ma. Tun ranar da muka rubuta casa'in maimakon ɗari muka ɗebe ta."

"In duk gari suka bi ja fa?" Ni na tambaya.

"Sai in sauke na ja zuwa tamanin, in ɗaga na fari zuwa ɗari, har mutane su fara komawa can. Wani lokaci ba ya daidaita, mu yi asara ranar. Amma wasa dubu ne a shekara, kuma kowanne da gomarsa. Ni ba ƙwallo nake kallo ba, mutane nake kallo." Ya juya ga Baba. "Kafin mutum ya tashi ba ci ba asara, sai ya canka daidai kusan sau hamsin da uku cikin ɗari, shekara da shekaru. Waɗanda suke iya haka ba su cika bas ɗinka ba, Baffa."

Ya mayar wa kowa ɗarinsa. Na kalli Baba. Na zaci zan ga fuskar mutumin da aka gaya masa inda shekarunsa talatin suka zurare. Sai na ga yana murmushi yana kaɗa kai.

"Wato kai ka san inda ruwan yake gangarawa."

Ku ji ni da kyau, ku masu irin wannan uba ko miji a gida. Ɗan caca ba jahili ba ne, kada ku ɓata yawunku kuna koya masa lissafi. Ka nuna masa bango, shi ƙofa yake gani a jiki.

Baba ya share baki, ya gyara zama.

"Ah Lok, ni ba na cikin iyayen da suke sayar da 'ya. Kuɗin aure, abin da mahaifinka ya ga dama ya kawo, rabi ma zan mayar. Abu ɗaya nake so. Akwai dubu talatin da suka rage mini cikin kuɗin sallamata. Ranar Asabar zan zuba su, da kai ko ba kai. In ka ɗauke ni uba, ka faɗa mini launi ɗaya."

"Baffa, ban sani ba."

"Wanda zai ɗauki 'yata ba zai rowace mini kalma ɗaya ba."

Mama ta tashi ta hau kwashe kwanukan da ba a gama da su ba. Ni na ci gaba da ɓare lemo.

Ranar Juma'a da safe na ji Baba yana waƙa a banɗaki. Na tura wa Lok saƙo daga cikin jirgin ƙasa.

"Ka ba shi?"

"Na ce masa ja."

"Ka ce ba ka sani ba."

"Ban sani ba. Kada ki damu, na shirya komai."

Na sa wayar a jaka. Wata tsohuwa ta zo a gyara mata ƙafar tabarau, na gyara.

Ƙarfe ɗaya na rana aka fara wasan Asabar. Baba ya ja kujera har gwiwarsa tana taɓa teburin talabijin, singileti a jikinsa, tikitin a ƙarƙashin kofin shayi. Abin da ya ba ni mamaki Mama ce. Matar nan ko gasar duniya ake yi ɗaki take shigewa ta ce ihun yana sa mata ciwon kai. Ranar sai ga ta a ƙaramar kujera bakin ƙofar kicin, kwano a cinya, tana tsinke wutsiyar tsiron wake ɗaya bayan ɗaya. Rigar fitarta ce a jikinta, mai furanni shuɗaye, ga hularta ta rana a kan firji. Ban san ta fita ba.

"Tsohuwa, yau kin tuba ne?"

"Iskar fanka nake sha."

Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo, aka yi ta yi, ba ci. Da a ce a haka za a tashi, da fari ne da nasara saboda rabin ƙwallon nan. Baba yana ta murza gwiwa. Mama ta gama waken, ta koma kan waɗanda ta riga ta tsinke.

A minti na tamanin da huɗu wani ɗan ja ya sa kai, ƙwallo ta shiga.

Baba ya miƙe har kujerar ta kife. Ya buga bango, maƙwabci ya bugo daga can. Ya kama kafaɗata yana girgizawa.

"Kin ga surukina? Kin ga abin da nake faɗa? Shekara talatin ina tafiya a duhu, ashe fitilar tana gidan Szeto."

Mama ta shiga kicin ta kunna famfo. Na ji ruwan yana zuba, yana zuba, ba ƙarar kwano. Da aka busa tashi Baba ya zura riga ya fita karɓo kuɗinsa, ni kuma na bi ta.

Tana tsaye gaban famfo, hannunta a bushe. A kan murhu ga gwangwanin kek ɗin bikin cikar wata, wanda take ɓoyewa bayan buhun shinkafa. Na daɗe da sanin da shi, Baba bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya tana share ofisoshi da sassafe tana tarawa a ciki. Ba ta taɓa faɗa mini na mene ne ba, ba sai ta faɗa ba. Kowace uwa tana saka wa 'yarta awarwaron zinariya biyu ranar aure, a gaban dangin miji, kuma dangin miji suna duba kaurinsu.

Gwangwanin a buɗe yake. Tikiti ɗaya ne a ciki. Fari, dubu talatin.

Na kashe famfon.

"Lok ne ya ce ki yi?"

"Ya kira ni ranar Alhamis. Ya ce babanki ba zai hanu ba. Ya ce in na sa daidai abin da ya sa a ɗaya launin, ko wa ya ci gida dubu uku kawai zai rasa, maimakon talatin." Ta goge hannun da bai jiƙe ba. "Kuma gaskiya ya faɗa. Lissafa ki gani. Babanki ya samu ashirin da bakwai, ni na rasa talatin. Uku ke nan."

"To ki karɓa a wajen Baba."

Ta dube ni kamar na yi magana da wani yare.

"Shekara talatin da biyar, kin taɓa ganin kuɗi ya fito daga aljihunsa ya shiga gwangwanina?"

"Me ya sa kika yarda?"

"Na ɗauka shi zai faɗi. Kullum shi yake faɗuwa." Ta ɗan yi dariya ta hanci. "Na ce in ya faɗi ni na ci, in riƙa cefane a hankali ba tare da ya san daga ina ba. Sau ɗaya a rayuwata na dogara da rashin sa'ar mutumin nan, ranar ya ga damar yin sa'a."

"Zan gaya masa."

"Ki gaya masa me? Cewa matarsa tana ɓoye masa kuɗi shekara goma sha ɗaya? Ko cewa surukinsa ya mai da shi yaro? Ba ki ga fuskarsa ba? Yau ya zama mutum a unguwar nan. Bar shi." Ta rufe gwangwanin. "Kin san na sa takunkumi da hula na shiga shagon cacar? Wata yarinya ce ta cike mini takardar. Ta ce, Goggo, yau sa'arki ce ta farko, za ki ci."

Ya kamata a ce na rungume ta. Na san haka ake yi. Na tsaya ina kallon tsatsar da ke bakin murfin, ina tunanin ya kamata a goge ta.

"Kada wannan ya sa ki ƙi yaron," ta ce. "Niyyarsa mai kyau ce. Wa ya taɓa zama ya yi wa gidan nan lissafi?"

Baba ya dawo da ƙaguwa huɗu da kwalbar giya mai tsada. Ya ba Mama dala ɗari biyar ya ce ta sayi takalmi. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Kafin magariba duk tsofaffin da ke zama ƙarƙashin bishiya a harabar gidajenmu sun ji cewa Pang ya samu suruki a cikin kamfani, har biyu sun hauro da ledar 'ya'yan itace suna tambayar lafiyata. Ashirin da bakwai ɗin kuwa, da talatin ɗinsa, Baba ya ce jari ne. Ba za a taɓa su ba sai wasa na gaba.

Ranar Litinin da rana na haɗu da Lok a shagon shayi kusa da aikina. Ya riga ya sa an kawo mini shayi da madara ba sukari, da biredi mai man shanu. Na zauna ban cire jaka daga kafaɗa ba.

"Na ga tikitin Mama."

Bai ɓoye fuska ba. "Na so in gaya miki bayan wasan. Ita ce hanya mafi araha da na samu, Suet. In na ƙi ba shi launi, ya ƙi ni, kuma ya zuba kuɗin duk da haka. In na ba shi ya faɗi, talatin sun tafi. A haka dubu uku ne kawai, kuma ni zan mayar da su."

"Ka mayar wa wa?"

"Gida."

"Wane ne gida?"

Ya juya kofinsa a kan tebur, ni kuma na ci gaba.

"A gidanku aljihu ɗaya ne, ko? Mahaifinka ya kawo albashi ya miƙa wa mahaifiyarka. A namu biyu ne, kuma ba ƙofa tsakaninsu. Baba yana da dubu hamsin da bakwai da zai zuba ranar Asabar, yana jiran launi daga bakinka. Mama tana da gwangwani da takarda ɗaya. Kuɗin awarwarona ne."

Na ga jinin fuskarsa ya janye. Ya ɗauki biro, ya ajiye.

"Ba ta gaya mini ba. Ta ce tana da ɗan abin da ba ta amfani da shi."

"Me kake so ta ce wa surukin da bai shigo ba?"

"Zan biya ta duka. Yau."

"Ba za ta karɓa ba. Ango ya saya wa uwar amarya awarwaron da za ta ba 'yarta? Gara ta shiga wajen bikin hannu sake."

"To in saya in ba ki, ki ce kuɗinki ne."

"Ta san albashina har kuɗin jirgi."

Ya zauna yana kallon tebur. Mai kawo abinci ya zo ya goge gabanmu da ƙarfi, alamar mutane suna jira. Ban ji haushin Lok ba. Na so in ji, na nema. Abin da ya zo mini tambaya ce kawai, a sanyaye, kamar in tambayi mai saye lambar idonsa.

"Ni fa? Me ka sa a ɗaya launin?"

"Ban gane ba."

"Ka gane. Kai ko gidan abinci biyu kake kamawa. Wata goma sha ɗaya kana jiran macen da ba ta ce maka komai ba, kuma ban taɓa ganin ka kasa cin abinci ba. In na ce a'a ranar Lahadi, me zai biya ka?"

Zan faɗi alherinsa a nan, ba ya ƙarya. Ya cire tabaraunsa, wanda ni na zaɓa masa ranar da muka fara haɗuwa, ya goge.

"Akwai wani kamfani a Manila. Sun ba ni shugaban sashe, albashi ninki biyu. Na roƙe su su jira ni zuwa Litinin mai zuwa."

"Washegarin Lahadi."

"E."

"In na ce e, ka ƙi su. In na ce a'a, ka hau jirgi."

"Zan ji ciwo, Suet."

"Na sani. Kamar na dubu uku."

Ya mayar da tabaraunsa.

"Ka rubuta musu ka ce ba ka so," na ce. "Kafin Lahadi. Kafin ka ji amsata. Kuma ban yi maka alkawarin ko wace amsa ba."

"Wannan caca ce."

"E."

Na ajiye kuɗin shayina a tebur na koma aiki.

Talata ƙarfe bakwai da arba'in ba saƙo. Laraba ba saƙo. Aka yi ruwa ranar Alhamis, na jiƙe tun daga tasha har shago. Baba ya yi ta kiran Lok ba ya ɗauka, ya ce ai manyan mutane haka suke, ba sa magana a waya. Asabar ta zo ba launi, ya riƙe kuɗinsa yana zagaye falo kamar wanda aka hana taba. Mama ta fito da doguwar riga ja da ta saya mini tun bara, ta rataye a ƙofar ɗakina.

Ku da kuke shirin yaba mini cewa na gwada shi, ku dakata. Ba gwaji na yi ba. Mai gwaji yana da amsar da yake fatan gani. Ni na faɗi maganar ne don na ga uwata tana karɓar dala ɗari biyar da hannu biyu, na so wani ma ya tsaya ba komai a bayansa. Mugunta ce, ko da an yi ta da murya ƙasa-ƙasa.

Ranar Lahadi da tsakar rana na sa jar rigar. Baba ya sa kwat ɗinsa na bikin ƙanensa, maɓallin ciki ba ya rufuwa. Muna cikin lif na gidan shayin wayata ta yi motsi. Hoto biyu ne. Na farko wasiƙarsa ga mutanen Manila, layi uku, ta ranar Laraba. Na biyu amsarsu: sun gode, sun ba wani. A ƙasa ya rubuta:

"Ba ni da komai a ɗaya launin."

Na karanta sau biyu. Na sa hannu a ƙirjina, a kan jar rigar, na jira. Lif ya wuce hawa na biyu, ya wuce na uku. Ba abin da ya motsa.

Teburin mutum goma ne, an jera kwandunan dambun jatan lande suna tururi. Mahaifiyar Lok ta taso ta kama hannuna, idonta ya sauka a wuyan hannun Mama ya wuce. Lok yana can gefe. Ya rame da gaske wannan karon. Ya tashi zai zuba wa Baba shayi, bakin butar yana bugun kofin, shayin ya zuba a kan farin mayafin tebur. Na san irin hannun nan, da shi na girma a gida. Mutumin da ko dala ɗaya bai taɓa sawa ba, ni na mai da shi haka cikin kwana shida.

Aka ci, aka yabi abinci, aka yi maganar tsadar gidaje. Sannan mahaifiyarsa ta ajiye sandunanta.

"To, Ah Suet, mu tsofaffi mun gama namu. Mai duba mana ranar biki yana jiran kiranmu. Me za mu ce masa?"

Mama ta matse gwiwata a ƙarƙashin tebur. Baba yana ta murmushi. Lok bai ɗago ba.

Mutum ya zuba duk abin da yake da shi, da umarnina. In na hana shi abin da ya ci, na fi duk wani kamfani zalunci, don su ko ba komai suna biyan wanda ya ci.

"Ku kira shi," na ce. "Na yarda."

Aka tafa. Mama ta sa hanci a hankici. Baba ya ɗaga kofi, ya kira Lok ɗansa, ya raɗa masa wani abu a kunne wanda duk teburin ya ji kalmar Asabar a ciki. Na yi murmushi yadda ya kamata, na zuba wa mahaifiyarsa shayi da hannu biyu. Na mayar masa da abin da ya sa, na ƙara masa mata da ranar biki da duk abin da ake gani da ido. Na ɗauka ba wanda zai lura da abin da babu a ciki.

Lok ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ba irin kallon ango ba, irin kallon da yake wa allo a wajen aiki. Sai ya sauke hannu ƙarƙashin tebur. Wayata ta yi motsi a cinyata.

"Na gode. Ruwa nawa kika ɗiba?"